Yadda ake ɗibar ɓawon hano da ƙaronsa, a yi magani da su, icce kuma ya rayu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban shimfiɗar masu sassaƙe a babbar kasuwar Maraɗi ya san hano, ko da bai taɓa ganin iccen tsaye ba. Wasu na ce masa ararrabi. Ɓawonsa ake dafawa don gyambo da ƙuraje da ciwon baki da basir da ciwon gaɓoɓi, ƙaronsa kuma a zuba kan garwashi a turara ɗaki da tufafi. Abin da ke damuna kullum in na duba kayan shi ne faɗin sassaƙen. Sai ka ga ɓawo guda ya kai faɗin tafin hannu biyu, ya lanƙwashe, alamar an feɗe iccen ne zagaye. Wannan iccen ya gama yawo. Mai saye kuma zai kai gida ya cika tukunya, ya dafa har ruwan ya yi baƙi, ya ɗura wa kowa har da jariri. Ɓarna biyu ke nan, ɗaya a daji ɗaya a gida, kuma rashin awo ne ya haifi dukansu. Bari mu bi aikin daki-daki, daga gindin icce har zuwa tukunya.

Ka tabbata hano ne

Hano icce ne matsakaici, babba cikinsu kan haura mita 10. Ya fi son tsauni da fako da ƙasa mai tsakuwa, shi ya sa bai cika yawa a jigawar rairayin da ta mamaye yawancin ƙasar Maraɗi ba. Ya fi yawa kudu, cikin duwatsun arewacin Najeriya, har zuwa Kamaru da Barkina Faso da Binin. Wanda ka gani a gefen ƙauye ko a kan iyakar gona, sau da yawa wani kakan ne ya kafa shi da hannunsa. In za ka yi zancensa da malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo ko da ma'aikatan gandun daji, sunansa a takardunsu Boswellia dalzielii, dangi ɗaya da itatuwan lubban na Oman da Yaman da Somaliya.

Jikinsa za ka fara dubawa. Fatar waje fara-fara ce mai ratsin ɗorawa, tana saɓulewa da kanta siriri-siriri kamar ɓawon albasa. In ka ɗan karce da farce ko da bakin wuƙa, ƙarƙashin ja ne, kuma nan take ƙamshi zai bugi hancinka. Ganyen ya yi kusa da na bedi: ƙananan ganye dogaye masu tsini da zarto a baki, jere bisa kara ɗaya, sun taru a ƙarshen reshe. Da rani yakan kaɗe tas, sannan ya fitar da fararen furanni ƙanana alhali babu ganye ko ɗaya.

Kukkuki ne ya fi ruɗa mutane, don shi ma tsauni yake so, shi ma fatarsa na saɓulewa, shi ma yana ƙaro. Sai dai ganyen kukkuki faffaɗa ne, ƙaronsa kuma ba ya ƙamshi. Dashi ɗan'uwan hano ne na nesa, yana da nasa ƙaron mai ƙamshi, amma shi gajere ne mai ƙaya, ganyensa uku-uku. Hano ba shi da ƙaya ko kaɗan.

Kafin ka ɗora ƙarfe, nemi izini. Iccen da ke cikin gona na mai gona ne, wanda ke bakin gari kuma maigari ya san labarinsa. A dajin gwamnati, dokar gandun daji ta Nijar ta shekarar 2004 ce ke aiki, kuma gara ka tambayi ma'aikatan tun da wuri da a ce sun same ka da gizago a hannu.

Ɗibar ɓawo

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Abincin da ganye ke sarrafawa yana sauka zuwa saiwa ne ta cikin ɓawo, ta sashensa na ciki. Tsakanin ɓawon da itacen kuma akwai wata siririyar fata mai danshi da santsi, ita ce ke tsiro da sabon ɓawo. In aka yanke ɓawo zagaye, hanyar abinci ta katse. Iccen ba zai faɗi gobe ba, har ma ya yi ganye damana ɗaya ko biyu, mai sassaƙar ya ce ai ga shi nan lafiya lau, alhali saiwar na mutuwa da yunwa a ƙasa. Tsofaffin masu magani da ke cewa a sassaƙo gabas da yamma, ko mene ne dalilinsu na asiri, sun bar wa icce kudu da arewa, kuma da wannan ya rayu.

Zaɓi icce babba, wanda kaurinsa ya wuce ka kewaye shi da tafukan hannunka biyu. Ƙaramin da bai kai haka ba a bar shi. Kewaya shi ka duba. In ka tarar an riga an sassaƙe shi, ciwon bai rufe ba, wuce gaba ko da ka sha tafiya. Haka in ka ga gara ta shiga ko ramukan ƙwari sun yi yawa.

Wuƙa mai kaifi ta fi gatari, ƙaramin gizago ma ya yi in hannunka ya saba. Wanke ƙarfen kafin ka fara. Daga wajen tsayin ƙugu zuwa ƙirji, ja layi biyu a tsaye, tsakaninsu kada ya wuce yatsa uku, tsawonsu kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. Haɗa su sama da ƙasa, ka sa bakin wuƙa ka ɗago ɓawon a hankali. Kada ka kankare wurin har farin itace ya bushe ya fito. Bar wannan santsin a jiki. In kana bukatar ƙari, koma ɗaya gefen ka yi irin wannan, shi ke nan. Duk abin da aka cire, da naka da na waɗanda suka riga ka, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen iccen. Gefen da ka taɓa kuma ka manta da shi har sai ya rufe ruf, abin da ke ɗaukar shekaru.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi ga icce, kuma ita na fi so: a sare reshe guda mai kaurin damtse, a feɗe ɓawonsa duka, a bar gangar jikin. Ɓawon reshe ya fi siriri, gaskiya ne, amma don wanke ƙurji da kurkurar baki ya wadatar. Saran ya zama a karkace don kada ruwa ya kwanta a kai.

Saiwa kam a ƙyale ta. Ana haƙarta, ana kuma yabonta, sai dai iccen da aka yanke wa saiwa a ƙasar da ruwanta bai wuce wata uku zuwa huɗu ba a shekara, iskar farkon damana ce za ta kayar da shi.

Game da lokaci: ɓawo ya fi saurin ɓantaruwa sa'ad da icce ke da ruwa a jiki, ciwon ma ya fi saurin rufewa. Ƙarshen damana zuwa kaka ya fi dacewa, ga rana ta shanya, ga icce da ƙarfinsa. Tsakiyar bazara lokacin wahalarsa ne.

Ƙaro

A ƙasashenmu yawancin ƙaron hano tsintarsa ake yi. Inda reshe ya karye, ko ƙwaro ya huda, ko wani ya taɓa sassaƙa, icce kan fitar da farin ruwa mai danƙo don ya toshe wurin, iska ta busar da shi ya zama dunƙule. Da rani ake samunsa sosai. Ka tafi da ƙwarya mai tsabta da wuƙa maras kaifi, ka ɓamɓaro wanda ya yi tauri, ka bar ɗan saura a bakin ciwon tunda aikinsa ke nan a wurin. Wanda ke liƙe wa yatsa bai nuna ba. Wanda ya faɗi ƙasa ya kwashi rairayi a ware shi daban, na turare ne kawai.

Mai son ya tsaga icce don ƙaro sai ya yi hattara, domin an ga inda hakan ya kai. A Habasha da Iritiriya da Sudan, inda lubban sana'a ce ta fitarwa waje, ana ɗan kankare ɓawon wani ɗan'uwan hano da rani, a dawo bayan mako biyu zuwa uku a kwashe, a sabunta ciwon, haka har ruwa ya sauka. Binciken da aka yi a Iritiriya, aka buga a 2006, ya nuna ƙwayar irin itatuwan da ba a tsagawa tana tsirowa sama da kashi 80 cikin 100, ta waɗanda ake tsagawa kuwa ba ta kai kashi 20 ba. Wani binciken na 2019 ya yi hasashen cewa lubban ɗin da ake samu daga wannan nau'in zai ragu da rabi cikin shekara 20, saboda yawan tsaga da gobarar daji da kiwo sun hana ƙanana tasowa. Icce na kashe ƙarfinsa wajen toshe ciwo, sai ya rasa na yin ƴaƴa.

In dole ne, ga iyaka. Ciwo biyu ko uku a babban icce, kowanne bai wuce faɗin ƴar dala ba, a fatar sama kaɗai, ba tare da an kai ga itace ba. Farkon abin da zai fito ba shi da kyau sosai, na biyu da na uku sun fi haske da ƙamshi. Iccen da aka tsaga bana a hutar da shi baɗi. Gida ɗaya ba ya cinye ƙaro mai yawa; cikin tafin hannu biyu zai kai ku wata da watanni.

Shanya da ajiya

Kankare saɓulallen saman ɓawon da duk wata ƙura, ka yanyanka shi tun yana ɗanye, tsawon yatsa-yatsa, don in ya bushe sai da gatari. Baza bisa faifai ko tabarma a inuwa mai iska, sama da ƙasa inda awaki da kaji ba sa kaiwa, kana juyawa kullum. Ya bushe in ka karya ya ce ƙas. A zuba a buhun yadi ko na takarda a rataye. Leda tana riƙe gumi, gumi kuma ke kawo fumfuna, ɓawon da ya yi fumfuna kuwa na zubarwa ne, wanki ba ya gyara shi. Ƙaro a sa shi a kwalba mai murfi, a ajiye wuri mai sanyi, in ba haka ba zafin watan Afrilu zai narkar da shi ya dunƙule wuri guda. Abin da ya shekara a sake sabo.

In saye za ka yi

Yawancinmu a cikin gari saye muke yi, musamman yanzu da dazuzzukan kan iyaka ba su shiguwa yadda aka saba saboda ƴan bindiga. Sayi sassaƙe, kada ka sayi gari. Garin da ke ƙulle a leda ba wanda zai iya rantsewa kan abin da ke ciki, har mai sayarwar in ba shi ya daka ba. Ɗauki sassaƙen ka karya, ka shinshina. Cikinsa ja-ja ne, da ɗan ƙamshi, in ka taɓa da harshe za ka ji bauri.

Gwajin ƙaro mai sauƙi ne. Jefa ɗan gutsure a ruwa. Ƙaron ɗakwara, wanda malamai ke sawa a tawada, narkewa yake yi gaba ɗaya, ba ya ƙamshi, a wuta kuma ƙauri kawai yake. Na hano ba ya narkewa duka, sai dai ya mai da ruwan fari-fari, a kan garwashi kuwa ya narke ya ba da ƙamshi. Ƙaron maje ma na turare ne mai kyau, amma icce ne daban, kada a sayar maka da wannan da sunan wancan.

Ka yi tambaya da ladabi. "Baba, wannan daga wane daji ya fito? Na bana ne ko na bara?" Mai magani na kirki ba ya jin haushin wannan, zai ma ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba: "Ɗana, wa za a ba? In yaro ne kada ka ba shi ya sha." Irin wannan dattijon ka riƙe shi. Wanda kuwa ya ɗaura lasifika a mota yana lissafa cuta arba'in da ƙulli ɗaya ke warkarwa, magori ne mai wasa kansa da kansa.

Ruwan wanki: nan hano ya fi amfani

Baurin nan da ka ji a harshe shi ne yawancin aikin ɓawon. Yana tsuke fata da naman da ya buɗe, ya rage tsattsafowar ruwa, shi ya sa ƙurji ke saurin bushewa. An kuma gwada ruwan ɓawon a ɗakunan bincike an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Wannan ya yi daidai da yadda kakanni suka fi amfani da shi, wato a bisa fata.

Ɗauki sassaƙe cikin tafin hannu guda, ka ɗauraye. Zuba a tukunyar ƙasa ko ta silba mai tsabta, da ruwa lita biyu. In ya tafasa a rage wuta, a bar shi kamar minti 20 a rufe. Launin shayi marar kauri ake nema. A tace da farin ƙyalle wankakke, a bari ya huce har ka iya tsoma gwiwar hannu ba ka ji zafi ba. Na yau na yau ne. Wanda ya kwana a zubar, domin da zarar ya huce ƙwayoyin cuta na iya zama cikinsa kamar kowane ruwa.

Don ƙananan ƙuraje da ƙaiƙayi da ɗan gyambo marar zurfi, a fara wankewa da ruwa mai tsabta da sabulu, sannan a zuba ruwan hano a kai, a bar shi ya sha iska, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda. Safe da yamma. Kada a barbaɗa garin ɓawo cikin ciwon da ya buɗe, kada kuma a kusanci cibiyar jariri da shi. Ta irin wannan hanyar cutar sarƙe haƙora ke shiga. Gyambon da ya kwana uku yana ƙara faɗi, ko yana wari, ko gefensa ya kumbura ya yi zafi, ko ya zo da zazzaɓi, na likita ne. Mai ciwon sukari kuwa ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa kada ya tsaya dafa komai.

Mai basir sai ya zuba ruwan da ɗumi a roba mai faɗi, ya zauna ciki minti 10 zuwa 15. Ɗumin na sassauta wurin, baurin na tsuke kumburin. Amma in bayan gida na fita da ƙyar kullum, a gyara ci: ruwa da yawa, zogale, rama, kuɓewa, wake. Jinin da ke zuba ba ya tsayawa, ko ya haɗu da rama, kada a yi ta kiransa basir shekara da shekaru ba a duba ba.

Kurkurar baki ita ma da wannan ruwan ne, a ƙara masa ruwan ɗumi daidai yawansa, a kurkure a tofar, sau uku a rana. Babba ke nan, ko yaron da ya iya tofarwa. A nan akwai abin da duk uwa a ƙasar Maraɗi ya kamata ta sani. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, ramamme, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi, in dasashinsa ya kumbura yana jini, bakinsa na wari sosai, kumatu ya fara tasowa, wannan na iya zama cutar noma mai cinye fuska. Cikin kwanaki kaɗan take huda kumatu. Da wuri, maganin likita na tsayar da ita cak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. Ranar da aka gani ranar za a tafi, ba a jiran tukunya ta tafasa.

Man shafawa na gaɓoɓi

Sinadaran ƙaron da masana suka fi bincika, masu rage kumburi, ba su cika narkewa a ruwa ba, a mai suke narkewa. Don haka mai jiƙa ƙaro a moɗa yana sha bai samu da yawa ba. An gwada na wani ɗan'uwan hano na ƙasar Indiya kan masu ciwon gwiwa, wasu sun samu sauƙi daidai gwargwado, sai dai wancan tatacce ne da aka auna a masana'anta, ba za a ɗauki sakamakonsa kai tsaye a ɗora kan abin da muka daka a turmi ba. Duk da haka man shafawa ba shi da haɗari sosai, kuma tausar kanta na taimakawa.

Daka ƙaro mai tsabta da sanyin safiya, lokacin da yake da tauri, har ya yi gari. Cokali ɗaya na gari, cokali biyar na man kaɗe. Sa man a ƙaramin kwano, ka ɗora kwanon cikin tukunyar da ke da ruwan zafi, kada ya taɓa wuta kai tsaye don ƙaro na kamawa. Zuba garin kana juyawa kamar rabin awa. Tace da ƙyalle tun da zafinsa, tsakin da ya rage a jefa a kaskon turare. In ya daskare, fara shafa kaɗan a cikin damtse ka kwana. In bai yi ja ko ƙaiƙayi ba, sai a riƙa murza gwiwa ko ƙugu da shi da dare. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, mutum ya kasa taka ta, ba ta tausa ba ce.

Turare

Garwashi kaɗan a kasko, wanda ya gama ci ya yi fari a sama. In wutar ta yi ƙarfi ƙaron ƙonewa zai yi ya ba da ɗaci, sai a ɗan barbaɗa toka kafin a ɗora gutsure biyu ko uku. A turara ɗaki kafin a shiga kwana, a fitar da kaskon, a buɗe taga hayaƙin ya ragu. Da ɗari mutane kan rufe ƙofa da garwashi a ciki, kuma gawayi na fitar da iskar da ba ta wari ba ta launi, tana kashe mutum cikin barci. Mai asma da jariri a nisanta su da hayaƙin kowane iri ne. Sauro kan guje shi na ɗan lokaci, gaskiya, amma hayaƙin zai baje tun dare bai raba ba, lokacin da sauron zazzaɓi ke kan aikinsa. Gidan sauro na nan a matsayinsa.

Zancen sha

Na bar shi baya da gangan. Ana shan ruwan hano don ciwon ciki da zawo da basir da zazzaɓi, kuma in ka tambayi masu magani biyar za ka ji awo biyar. Baurin da ke busar da ƙurji shi ne ke ɗaure ciki in ya yi yawa, yana kuma hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, a ƙasar da ƙarancin jini ya riga ya yi wa mata da yara katutu. Ɗanyen ɓawo kuwa tun da can an san shi da sa amai.

Babban mutum mai lafiya da ya ƙudura sai ya sha, to ya tsarma wancan dafaffen ruwan ɓawon na wanki da rabi, ƙaramin kofin shayi ɗaya safe ɗaya yamma, bayan cin abinci, kada ya wuce kwana uku. Kada ya haɗa da kanwa ko wasu sassaƙen da bai san su ba. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, wanda idonsa ya yi ɗorawa, da duk mai shan maganin likita na kullum, na hawan jini ne ko na sukari ko na tarin fuka, su bar shi.

Jariri kuwa, Inna da Gwaggo su yi haƙuri. Na san bauri al'ada ce da aka gada, kuma da ƙauna ake ɗura shi. Amma har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, ƙodarsa da hantarsa ba su ƙosa su tace abin da aka dafa daga icce ba, hano ne ko waninsa. Yaro mai zawo ruwan gishiri da sukari na likita yake bukata, fakiti ɗaya a lita ɗaya, tare da ƙwayar zinki. Yaro mai zazzaɓi a kai shi a ɗiga jininsa a gwada cikin kwana guda. Saran maciji ma haka: an daɗe ana ambaton hano cikin maganinsa, amma dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, allurar asibiti ce ke karya shi, kuma kowace awa da aka ɓata a gida tana da tsada.

Kafa naka

Hano na kamawa daga reshe, ba sai an nemi iri ba, kuma wannan ya sa ya dace da shinge. Mutanen da suka dawo da itatuwa cikin gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun daga shekarun 1980, daga nan Maraɗi har abin ya bazu sassa da yawa na ƙasar, wannan ba zai gagare su ba.

A ƙarshen bazara, kafin icce ya fara toho, nemi izini ka saro reshe miƙaƙƙe mai lafiya, kaurin damtse, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yi masa alama don kada ka kafa shi kai ƙasa. Jingine shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin saran ya bushe, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a wurin da ruwa ba ya kwanciya, tudu ya fi fadama, ka zuba ɗan toka a ƙasa saboda gara, ka tsayar da reshen ka danne ƙasar sosai yadda ba zai girgiza ba. Ruwa kaɗan sau ɗaya a mako ya isa har damana ta sauka. Yawan ban ruwa ya fi ƙishi kashe shi. Kafa uku ko huɗu, don ba duka ke kamawa ba. Kewaye su da ƙaya ko tsohon kwando, domin akuya na son ɗanyen tohon, kuma in ta gwaguye fatar zagaye aikin ya tashi. Tohon farko ba shaida ba ne, reshe kan yi ganye da ruwan jikinsa tun bai yi saiwa ba. Wanda ya ƙetare rani ya sake toho a damana ta biyu shi ne ya kama. Kada ka sa masa wuƙa sai kaurinsa ya kai wancan awon na tafukan hannu biyu, kafin nan in bukata ta taso a rage masa ƙaramin reshe.